Shirun da Tasi'u Ya Yanke

Ku matso kusa. Nazifi, kife wayar nan, haskenta yana shiga mini ido. Tun magariba nake kallonka kana yanka bidiyon mutane da babban yatsa, ko saurara ba ka yi. Kai ne ma ka tuno mini da labarin nan. Kuma kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta, don ba tatsuniya zan yi muku ba. Rabin abin da zan faɗa da idona na gani. Sauran rabin daga bakin mai shi na ji, shi kuwa ba ya ƙarya. Ni Garzali ni ne tela, ƙarya a wajenmu take, ita ma ta ranar karɓar ɗinki ce kawai.

Kun san Tasi'u mai tace bidiyo, wanda shagonsa ke jikin nawa a bakin tasha. Bangon katako ne ya raba mu, in ya yi atishawa ni ke yi masa addu'a. Yanzu kuna ganinsa shiru-shiru, ba ya ɗaga murya. A da ba haka yake ba. Mutum ne mai gaggawa, ko shayi a tsaye yake sha.

Shekara biyu da suka wuce ya samo wata manhaja a kwamfutarsa, ya bi ya ishe mu da labarinta. Ka zuba mata bidiyon biki na awa uku, kafin ka wanke hannu ta ware maka wurin da hoto ya girgiza, ta daidaita murya da baki. In ya gama aiki ba sai mai shi ya tako shago ba. Linki zai tura masa, mutum ya kalla daga gida, ya rubuta gyaransa daidai kan mintin da bai yi masa ba. Amma abin da ya fi burge Tasi'u maɓalli ɗaya ne. A ƙasan hoto akwai zanen murya, in ana magana sai ya yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto, in an yi shiru sai ya kwanta ya zama layi. Da ka danna maɓallin nan, duk inda layin ya kwanta sai manhajar ta yanke shi ta haɗe bakin. Aikin yini guda, a lokacin da za ka ce bismillah.

Ranar da ya nuna mini na ce masa ni ko yadi ba na sa wa almakashi sai na shimfiɗa shi na duba. Ya ce ai shi ya sa ɗinkin ƙaramar salla ke kai ni babba. Gaskiya ya faɗa.

Abu ɗaya ne Tasi'u ba ya yi wa gaggawa, shi ne mahaifinsa. Ku ƙanana ba ku san muryar Malam Ilu ba. Shekara talatin shi ne ladanin masallacin tasha, ba da lasifika ba, kuma har bayan kasuwa ana jin sa. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, harshe ya tafi. Shekara uku ko kalma ɗaya. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, saura Tasi'u da ƙanwarsa Hindatu. Kullum bayan la'asar Tasi'u zai rufe shago ya je ya zauna a gefen gadonsa, ya sa hannu cikin nasa. Ba sa cewa komai. Tsohon zai matsa hannun, ɗan ya matsa, hirarsu ke nan. A watan da nake ba ku labari likita ya riga ya ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a. Kun san abin da hakan ke nufi.

Ana cikin haka sai ƙungiyar 'yan asalin wani ƙauye, Gangaren Marke, suka ba shi aikin haɗa bidiyon tarihin garinsu don taron shekara. Cikin waɗanda aka ce ya ɗauka akwai Tsoho Barmo, marini na ƙarshe da ya rage musu. Tasi'u ya je shi kaɗai, ya same shi a karofi, wato filin da ramukan rini suke, can bayan gari. Ramukan sun fi arba'in. Duk ƙasa ta cike su, sai ɗaya a can ƙarshe. Wannan da ruwansa, baƙi wuluk, alhali an fi shekara ashirin ba wanda ya zuba masa shuni.

Ya kafa kyamara, tsoho ya fara ba da tarihi. Sai dai wata irin magana yake yi. Zai faɗi jimla biyu, ya tsaya, ya juya kai wajen ramin ƙarshe. Ya daɗe a haka. Wani sa'in ya gyaɗa kai. Sau ɗaya har ya yi 'yar dariya. Sannan ya juyo ya ci gaba. Tasi'u yana ta duban agogo, ransa na cewa tsufa ne.

Da aka gama yana naɗe waya, Barmo ya riƙe masa hannun riga.

"Yaro, a karofi ba a magana a bar mai wuri. In na faɗi tawa, sai in saurara ya faɗi tasa. Wuraren nan da na tsaya, kada ka taɓa su."

Tasi'u ya ce to, Baba. Irin "to" ɗin da nake ce wa mai ɗinki.

Ya dawo ya tarar da bikin mutum uku na jiran sa. Ya zuba bidiyon Barmo, ya ga layin murya a kwance nan da can kamar gonar da shuka ba ta fito ba. Bai sa abin ji a kunne ba. Bai kalli ko wuri ɗaya ba. Ya danna. Manhaja ta rubuto masa cewa ta cire shiru a wuri sittin da ɗaya, jimla minti talatin da bakwai. Ta tambaye shi ko ta share abin da aka yanke don ya samu fili. Ya ce ta share. Katin kyamarar ma ya goge shi saboda bikin Asabar. Ya tura wa sakataren ƙungiya linki, ya tafi sallar la'asar.

Washegari ya buɗe shafin gyara. Sakatare ya rubuta abu biyu, a gyara rubutun sunan dagaci, a ƙara hoton shugaba. A ƙasansu akwai wasu. Ba suna. Kowanne yana zaune daidai kan wurin da aka yanke. Kuma duk kalma uku ce iri ɗaya.

Nan nake magana.

Ya ƙirga, sittin da ɗaya. Ya kira sakatare, sakataren ya rantse masa ba wanda ya ba linkin. Tasi'u ya goge su. Ya je ya sayo ruwa ya dawo, suna nan.

Ranar Laraba da rana tsaka aka ɗauke wuta. Kun san tasha a wannan lokacin, direbobi duk sun kwanta a inuwa, ko kaza ba ta motsi. Ina zaune ina ɗinkin hannu sai wani wari ya ratso bango, kamar jiƙaƙƙiyar toka da ruɓaɓɓen ganye. Na ji Tasi'u ya amsa sallama. Muryarsa ba daidai take ba.

Ga abin da ya gani. Wani dogon mutum a bakin ƙofa, da baƙar riga, bakinta na ɗiga. Hannayensa shuɗi ne har gwiwar hannu. Bakinsa ya motsa, ya rufe. Sai bayan ya rufe sannan sallamar ta iso. Tasi'u ya san wannan matsalar, kullum yana gyara ta, murya ta saki hoto. A kwamfuta sai ka ja ta ka daidaita. A mutumin da ke tsaye gabanka ba inda za ka ja.

Ya sunkuyar da kai don kada ya ƙara ganin bakin. Da bai sunkuyar ba. Ƙafafun sirara ne kamar sandar motsa rini, sun sauka ƙasa a dunƙule, babu yatsu.

Baki ya motsa. Tasi'u ya jira.

"Ina maganata?"

"Wace magana, Malam?"

"Wadda ka yanke."

Ya ce masa wallahi shi bai yanke maganar kowa ba, shiru ne kawai ya cire.

"Ka saurara?"

Bakin ya sake motsawa.

"Ka ɗauki nawa. Zan ɗauki naka."

Ya juya ya fita. Ya riga ya ɓace daga ƙofa, shago ba kowa, sannan sauran maganar ta faɗo a tsakiyar ɗakin. Wannan da kunnena na ji ta, ta cikin katako.

"Sai ka dawo da ita."

Na shiga a guje. Tasi'u na zaune, gumi ya jiƙe masa wuya. A kan siminti ga tambari zagaye-zagaye kamar gindin taɓarya, shuɗaye, a jiƙe, daga ƙofa zuwa teburi, daga teburi zuwa ƙofa. Ni da ake ce wa rediyon tasha, ranar bakina ya mutu.

A sallar azahar abin ya fara. Kun san ita a asirce ake karatunta. Liman ya yi kabbara, Tasi'u ya ɗaga hannu. Sai ya ji wata kabbarar, mutane sun yi ruku'u. Bai karanta Fatiha ba. Ba mantawa ya yi ba, lokacin ne babu. Kabbara, kabbara, kabbara, sallama, a manne da juna. Ya fito ya ce mini an yanke masa salla.

Kafin yamma mun gane yadda abin yake. Muddin akwai muryar mutum kusa da shi, tasa ko ta wani, yana nan. Da an yi shiru sai ya tafi. Raɗa ba ta hanawa. Rediyo ba ya hanawa, mun gwada. Na zauna na rufe bakina don in gani da idona, kuma har yau ina da-na-sanin gwadawa. Ido a buɗe, ba ƙiftawa. Ƙuda ya sauka masa a leɓe bai kore shi ba. Na kira sunansa, ya zabura ya ƙarasa maganar da ya fara, bai san minti goma sun wuce ba. Da na dubi hannunsa, gindin faratansa ya yi shuɗi.

Barci kuwa babu. Ya rufe ido, sai kiran asuba, da gajiyarsa yadda ya kwanta da ita. Kwana uku ya zama kamar wanda ya tashi daga jinya. Shuɗin ya wuce farce ya kama gaɓar yatsa. Kuma tafiyar tana ƙara tsawo. Da farko kira ɗaya ke dawo da shi. A rana ta uku sai da na kira sau biyar.

Amma duk wannan ba shi ya karya shi ba. Zaman la'asar ne. Ya je ya riƙe hannun mahaifinsa yana ta zuba surutu don kada ya tafi, labarin tasha, labarin ƙwallo, abin da bai taɓa yi ba. Tsoho ya dube shi yana yamutsa fuska. Numfashi kawai Tasi'u ya tsaya ja. Sai ya ji Hindatu na kiran sa, an yi magariba, tana kuka. Ta ce awa biyu Baba yana matsa hannunsa, yana matsawa, yana leƙen fuskarsa, shi kuwa ya kafe bango da ido kamar turke. Har hawaye ya gangaro wa tsohon ta gefen kunne. Ta ce in ya gaji da jinyar ne ya faɗa.

Ya zo shagona ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara. Ya ce kwanakin Baba ƙidayayyu ne, kuma duk abin da ya rage tsakaninsu shiru ne, shi ne kuma aka ƙwace masa. Ya ce tsoronsa ɗaya, ya ƙifta ido a gefen gadon ya buɗe a maƙabarta. Tausayinsa ya kama ni har na rasa abin tsokana.

Muka je wajen limamin tasha. Ya yi masa addu'o'i, ya ba shi na tsari. Sannan ya ce su ma mutanen ɓoye bayin Allah ne, suna da haƙƙi, wanda ya ci haƙƙi kuwa addu'a ba ta ɗauke masa mayarwa. Ya ce ya koma inda ya ɗauko.

Ranar Lahadi da hantsi muka shirya. Jikin Malam Ilu ya tashi tun safe, numfashi sama-sama. Hindatu ta ce yau kam kada ya yi nisa. Ya ce mata in ya zauna ma ba ya nan. Ya durƙusa ya gaya wa mahaifinsa cewa zai je ya dawo kafin la'asar. Hannun tsohon mai lafiya ya kama bakin rigarsa. Da kansa ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye a ƙofa, na kau da kai.

Ni na goya shi a babur, don in ya tafi a kan hanya faɗuwa zai yi. Awa ɗaya da rabi bakina bai tsaya ba. Na ba shi labarin duk wanda na taɓa ɓata wa ɗinki. Da suka ƙare na koma karanto awon mutanen tasha, wuyan wane kaza, hannun wane kaza. Tun da uwata ta haife ni ranar ce surutuna ya yi wa wani rana.

Barmo bai yi faɗa ba. Da ya ga yatsun Tasi'u sai ya ja da baya, kuma tsoron da na gani a fuskar tsohon nan ya fi faɗa tayar mini da hankali. Ya ce shekara sittin yana ba mai wuri filinsa, ubansa ma haka, ba a taɓa katse shi ba. Ya tambayi nawa aka yanke. Tasi'u ya ce minti talatin da bakwai. Ya tambaya ko akwai sauran a ajiye. Ya ce ya share.

Tsoho ya daɗe yana kallon ƙasa, ni kuwa ina ta 'yan maganganu don kada shiru ya faɗo.

"To sai ka je ka saurara. Kai kaɗai, rana na tsaka. Ka kafa na'urarka, ka zauna bakin ramin. Kai ka hana a ji shi, yau kai ne ba za a ji ba. Ka yi addu'arka a zuci. Ko me ka ji, kada ka amsa. In ka buɗe baki kafin lokacin ya cika, ba mai kiran da zai ƙara dawo da kai."

Ya karɓi wayar Tasi'u ya miƙo mini. Muka raka shi har inda gonaki suka ƙare. Daga nan muka tsaya, ya gangara shi kaɗai yana karatu da ƙarfi, kyamara a kafaɗa.

Abin da ya faru a can, daga bakinsa ne.

Ya kafa kyamara. Ya juyo da ɗan allonta yadda zai riƙa ganin lokaci. Ya zauna. Ya danna. Ya rufe bakinsa, yana jiran a yanke shi.

Ba a yanke shi ba.

Minti ɗaya ya wuce yana gani. Na biyu ya wuce. Ya ce a nan tsoro na gaske ya shige shi. Tunda yana nan, to ba shiru ake yi ba. Wani na magana.

Sai kunnensa ya buɗe. Daga ƙasan ruwan take fitowa, a hankali, kamar tukunya ta fara tafasa. Ruwan zai yi ƙwai, ƙwan ya fashe, sai can kalmar ta iso. Tarihin karofin ake ba shi. Wanda ya haƙa ramin fari. Shekarar da shuni ya ƙi kamawa. Marinin da ya faɗa rami na tara aka ce guduwa ya yi. Ana kiran sunayen matattu ɗaya-ɗaya, kamar mai lissafa maƙwabta. Ƙudaje ba sa zuwa wurin. Inuwarsa ta shige ƙarƙashinsa. Warin toka ya cika masa maƙogwaro, tari ya taso, ya danne shi da hannu biyu.

A minti na ashirin ya ji ɗigar ruwa a bayansa. Ɗis. Ɗis. Wani abu mai sanyi ya tsaya dab da kafaɗarsa. Bai waiwaya ba. Ya kafa ido kan lambobin nan yana karanta Ayatul Kursiyyu a zuci.

A minti na talatin da ɗaya tafasar ta tsaya cak. Ruwan ya kwanta.

"Tasi'u."

Wannan ba ta makara ba. Ba ta ƙasan ruwa ba ce. Murya ce da duk wanda ya girma a bakin tasha ya sani. Shekara uku bai ji ta ba.

Bakinsa ya buɗe da kansa. Ya cusa gefen hannunsa a ciki ya ciza.

"Tasi'u."

Ya ce wa ransa gwaji ne. Dabara ce ta mai wuri, ya ari murya don ya sa shi magana. Ya ciza har ya ji gishirin jini. Saura minti huɗu.

Ta ukun a hankali ta zo, kamar mai tambaya ko akwai kowa a gida.

"Tasi'u?"

Bai amsa ba.

Lambobi suka kai talatin da bakwai. Sanyin da ke bayansa ya janye. Ruwan ramin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya bar baƙin laka. Ya dubi yatsunsa, shuɗin ya tafi. Ya zauna minti guda cur ba sauti, kuma yana nan. Ya ji iska. Ya ji kurciya a nesa.

Muka hango shi yana haurowa da gudu-gudu, jini a hannu, fuska kuwa kamar wanda aka yi wa bushara. Tun daga nesa yake magana.

"Garzali, na tsira. Har da muryar Baba ya gwada ni. Sau uku. Ban amsa ba."

Ni kuwa wayarsa na hannuna.

Ku saurara, don nan ne inda nake da nawa kason. Yana minti na talatin a can wayar ta yi ƙara. Hindatu ce. Na ɗauka, tana haki, ta ce harshen Baba ya saki, yana neman Tasi'u, in ba shi wayar yanzu. Ta kara wayar a bakinsa. Da kunnena na ji kiran fari. Na yunƙura zan ruga, Barmo ya damƙe mini hannu, ƙarfin da ban san tsoho na da shi ba. Ya ce in na je na yi magana a bakin ramin, gawa biyu za a yi. Na tsaya. Na ji na biyu. Na ji na uku. Ina riƙe da waya, na kasa ko cewa ga shi nan zuwa. Daga nan sai salatin Hindatu.

Ban san yadda na gaya masa ba. Ina jin ban ma faɗa ba, fuskata ya duba. Ya zauna a kan kunyar gona. Bai yi kuka ba a lokacin. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko muryar ta fita sosai. Na ce ta fita.

A hanyar dawowa ba wanda ya ce uffan, kuma duk tsawonta yana nan, ba abin da aka rage masa. Mun iske ana yi wa gawa wanka. Ya samu salla, ya samu binnewa.

Bayan addu'ar bakwai ya buɗe abin da kyamara ta ɗauka. Ina tsaye a bayansa. Duk tarihin nan da aka ba shi, ko ɗigo bai fito ba. Layin murya a kwance yake tun daga farko, sai can kusa da ƙarshe ya tashi sau uku, 'yan tsini ƙanana, da fili a tsakaninsu. Ya ɗebi kwantaccen ya mayar cikin bidiyon Barmo, wuri sittin da ɗaya, da hannu, kwana biyu yana yi. Rubuce-rubucen nan marasa suna suka ɓace daga shafin. 'Yan ƙungiya suka ce bidiyon ya yi tsawo, tsoho na ta zama ba ya cewa komai. Ya ce haka zai tafi, in ba sa so su kai wa wani. Tsinin nan uku kuwa ya ware su ya ajiye wa kansa.

Ko mai wuri ne ya kawo masa muryar don mugunta, ko don kada ta wuce shi, ban sani ba. Na tambayi Barmo, ya ce shi ma bai tambaya ba.

Har yau Tasi'u na aiki da manhajar, ba laifinta ba ne, abin da aka sa ta ta yi. Amma ba ya yanke daƙiƙa ɗaya sai ya sa abin ji a kunne ya saurare ta. Don haka kai Nazifi, in tsoho ya yi shiru a bidiyonka, ka ji shirun tukuna. Kuma duk cikinku kada wanda ya kuskura ya gangara tsohon karofi shi kaɗai da rana tsaka, na Gangaren Marke ko na ko'ina. Ramin da ka ga da ruwa alhali ba mai zuba masa, ka yi sallama daga nesa ka wuce.

Kullum bayan la'asar yana tura ƙofar shagonsa. Ni kuma sai in ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki, don bangon katako ne. Ba na jin abin da ke cikin kunnensa. Nasa kawai nake ji, a hankali, da ɗan jira a tsakani.

"Na'am, Baba."

Sau uku.

Suwaiba, share idonki. Tun ɗazu nake jin Inna na kiran ɗayanku daga ɗaki, kun yi kamar ba ku ji ba. Wanda aka kira ya tashi ya amsa.